Da Wane Harshe Zan Ba Karen Aiki Umarni?

Tambaya: Ina aikin gadi da karnuka, kuma ina shirin sayen kare jinsin Malinois da aka riga aka horar a Turai. Mai sayarwa ya ce da Jamusanci aka koya masa komai, ni kuwa ko kalma ɗaya ba na ji. In mayar masa da umarnin zuwa Hausa ko in bar su? Kuma gaskiya ne ana horar da karnukan 'yan sanda da baƙon harshe don kada ɓarawo ya iya ba su umarni?

Amsa: Malam, ka bar masa kalmominsa, kai ka koye su. Ba Jamusanci za ka koya ba, 'yan kalmomi ne da za ka haddace a yini ɗaya. *Sitz*, ana furta shi "zits", zauna ke nan. *Platz* kwanta, *Hier* zo nan, *Fuß* bi ni a gefen ƙafa, *Such* nemo, *Aus* saki. Shi karen an yi watanni ana maimaita masa su har suka zauna masa. Kuɗin da za ka biya, har da na wannan wahalar ne, don me za ka rushe ta a makon farko?

Amma ka bincika da kyau ko Jamusancin ne. Masu sayarwa da yawa duk abin da ba Turanci ba ne sai su ce Jamusanci. Malinois asalinsa daga Beljiyam yake, kuma da yawa daga cikin na aiki suna fitowa ne daga tsarin KNPV, wato ƙungiyar horar da karnukan 'yan sanda ta ƙasar Holan, wadda aka kafa a 1907. A can kwanta *af* ne, saki kuma *los*. Ka ga *af* da *aus* sun yi kama a kunnen wanda bai saba ba, alhali ɗaya na nufin kwanta, ɗaya na nufin saki. Ranar da kare ya riƙe hannun mutum ba ranar gano bambancinsu ba ce. Saboda haka kafin ka biya, ka nemi a rubuta maka jerin kalmomin, a naɗa maka muryar mai horarwar yana faɗarsu, sannan ka karɓi igiyar ka gwada da bakinka a gabansa. In kare yana bin mai sayarwa amma kai ya yi maka kunnen uwar shegu, ka nemi a ba ka kwanakin horo tare da shi a cikin cinikin.

Maganar ɓarawo kuwa, yawancinta labari ne. Kalmomin nan duk suna intanet, kowa na iya karanta su. Abin da ke hana kare bin baƙo shi ne sabo da mai riƙe shi: muryarsa, tsayuwarsa, ƙamshinsa. Ainihin dalilin da ya sa ake amfani da baƙon harshe, tarihi ne da kasuwa. Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwon karen makiyaya na Jamus a 1899, daga nan aka samu gwajin Schutzhund, wanda tun 2019 ake kira IGP, mai ɓangare uku: bin sawu, biyayya da kariya. 'Yan sandan Amurka da na wasu ƙasashe suna sayo karnuka daga Jamus, Holan da Jamhuriyar Cek, karnukan kuma su zo da kalmominsu. Koya wa ɗan sanda kalma goma ya fi sake horar da kare sauƙi.

Tambaya: Ɗan kwikwiyo gare ni da nake so ya tashi yana aikin tsaron gona. Mu uku ne ke kula da shi: ni, ƙanena da wani yaron aiki. Wani lokaci yana ji, wani lokaci kamar kurma. Wane harshe ya fi shiga kan kare?

Amsa: Babu. Kare sauti yake kamawa ya haɗa shi da abin da ya biyo baya. Ina kyautata zaton matsalarku ita ce bakuna uku, kalmomi uku. Kai ka ce "zo", ƙanenka ya ce "taho nan", yaron ya yi fito. A wurinku abu ɗaya ne, a wurinsa abubuwa uku ne da ba a gama koya masa ko ɗaya ba.

Ba ƙarancin ƙwaƙwalwa ke damunsa ba. Wata karya mai suna Chaser a Amurka ta haddace sunayen kayan wasa 1,022. A 2016 kuma masu bincike a Budapest sun saka karnuka a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga kare yana lura da kalmar da kuma yanayin muryar da aka faɗe ta, kuma ya fi jin daɗi in kalmar yabo ta zo da muryar yabo. Wato yadda kuke faɗa ma sai ya zama iri ɗaya.

Ku zauna ku uku ku rubuta jerin, ku manna a inda kuke ajiye igiyarsa. Wajen zaɓe, ku kula da Hausarmu. "Tsaya" tana ɗaukar dakata, tana ɗaukar miƙe tsaye, tana ɗaukar jira. Ku ba ta aiki ɗaya, sauran ku nema musu wasu kalmomin. "Bari" ta zama ta abin da bai kai ga ɗauka ba, "saki" ta abin da ke bakinsa. "Zo" kuwa ita ce ta fi ba ni tsoro, don sau nawa ake faɗarta a gida a yini, ana kiran yara? Kare ya ji ta sau talatin ba a nufinsa, sai ya koyi cewa ba tasa ba ce. A nan ne kaɗai nake ganin amfanin baƙon harshe: kalmar da ba ta cikin hirar yau da kullum ba ta tsufa a kunnensa. Ku ari *Hier* don kira, ko ku ƙirƙiro taku, karen ba zai tambaye ku ƙamus ba.

Sannan sau ɗaya ake faɗa. Mai cewa "zauna, zauna, zauna mana!" yana koya wa kare ne cewa sai a ta uku ake zama. Ku kuma ware kalmar sallama guda, wadda ke nufin aiki ya ƙare, in ba haka ba shi zai riƙa sallamar kansa.

Tambaya: Na riga na ɓata wata kalma, kare ya daina kula ta. Ana iya canzawa?

Amsa: Ana iyawa, 'yar'uwa, kuma sau da yawa ya fi gyaran tsohuwar sauƙi. In akwai alamar hannu ko wata kalma da har yanzu yake bi, ki faɗi sabuwar tukuna, ki ɗan dakata kamar daƙiƙa ɗaya, ki yi tsohuwar alamar, in ya yi ki ba shi lada nan take. Kada ki haɗa su a numfashi ɗaya, don wadda ya sani kawai zai ji. Bayan an maimaita, za ki ga ya fara yi tun kafin tsohuwar ta zo, sai ki daina ta. In babu abin da yake bi, ki koya masa aikin daga farko da sabuwar kalmar, a wuri mai shiru, da doguwar igiya. Kalma ɗaya za ki canza a lokaci guda, kuma "saki" ta zama ta ƙarshe da za ki taɓa.