Wai ina kuɗin tallafin masu shaye-shaye da taɓin hankali suke shiga?

Tambaya: Salam likita. Ni sakataren ƙungiyar matasa ne a wani ƙauye ta wajen Birnin Kudu, yaranmu ƙwaya da sholisho sun gama da su, kullum muna jin an ce an ware kuɗi saboda irinsu amma ko sisi ba mu taɓa gani ba. Dan Allah ta ina ake sanin labarin kuɗin nan?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanina, Allah ya saka muku. Ka fara cire ran cewa za a kirawo ku a damƙa muku kuɗi a hannu, irin wannan tallafin asibiti yake tafiya, kamar na Dawanau a Kano ko na Kazaure nan Jigawa, sai kuma ƙungiyoyi masu rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da asusun banki da sunan ƙungiya. In taku ba ta da waɗannan biyun to ko an buɗe neman tallafin ba za ku shiga layi ba.

Maganar labari kuwa nan gizo ke saƙar. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma a cikinta an tanadi asusu na musamman don wannan harka, amma tsakani da Allah mutum nawa ne a ƙauyenku suka taɓa jin haka? Sanarwar neman tallafi sai a sa ta a intanet da Turanci, shafi kusan ashirin, kai kuma sai ka hau tudun bayan makaranta kafin sabis ya kawo, kafin ka gama buɗewa data ta ƙare, wa'adi ma ya wuce. Ni a ganina in da gaske ake, a karanta ta a Rediyo Jigawa da Hausa, a manna kwafi a bangon asibitin mazaɓa inda mata ke zaman jiran awo.

Kafin a kai can, ku rubuta takarda, kar ku tsaya zuwa da baki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku dama ku tambayi Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya nawa aka ware, nawa aka saki, wa aka ba, kuma kwana 7 doka ta ba su su amsa. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi a ɗaya ku dawo da ita. Sannan ku je wajen shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku tafi da mai unguwa ko wani daga kwamitin ci gaban mazaɓa, an fi sauraron mutum in ya zo da babba.

Af, duk saƙon da kuka gani a WhatsApp wai a tura dubu biyu kuɗin fom ɗin tallafi, 'yan damfara ne, kar wanda ya tura musu ko lambar BVN.