Amsa: Wane ne gwarzon golf na Ingila?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Justin Rose ne ɗan Ingila mafi shahara a wasan golf. Rose gwani ne, ya ci US Open, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf, a 2013 da zinaren Olamfik a 2016, amma ni a wurina bai kamo ƙafar Nick Faldo ba. Faldo ya ɗauki manyan kofuna shida: gasar Open ta Birtaniya a 1987, 1990 da 1992, sai gasar Masters ta Amurka a 1989, 1990 da 1996. Na 1996 ɗin ne ya fi burge ni. Ya shiga ranar ƙarshe Greg Norman, ɗan wasan Ostareliya, na gabansa da bugu shida, bai karaya ba, ya bi a sannu har ya doke shi da bugu biyar.