Tambaya da Amsa: Yaushe kamfani ke buƙatar mashawarcin B-BBEE a Afirka ta Kudu?

Tambayoyin wannan fitowa duk a kan dokar B-BBEE suke, wato dokar da Afirka ta Kudu ta kafa a 2003, ta yi mata kwaskwarima a 2013, don shigar da baƙar fata harkokin tattalin arzikin da mulkin wariyar launin fata ya toshe musu.

TAMBAYA: Ina da ƙaramin kamfanin kayan ofis a Johannesburg, cinikinmu a shekara bai kai rand miliyan 6 ba. Wani mashawarci ya ce in biya shi ya samo mini satifiket na B-BBEE, takardar da ke nuna matakin da kamfani yake a ma'aunin dokar. In biya?

AMSA: Alhaji, riƙe kuɗinka. Kamfanin da cinikinsa bai wuce rand miliyan 10 a shekara ba, kai tsaye yana mataki na 4 a cikin matakai 8 na dokar, inda mataki na 1 ya fi kowanne daraja. Idan kashi 51 na hannun jari na baƙar fata ne ya hau mataki na 2, idan kashi 100 ne mataki na 1. Takardar rantsuwa kawai za ka cika, ka sa hannu a gaban mai ikon rantsarwa, ko a ofishin 'yan sanda, ta yi maka aiki na wata 12. Sai dai ka fara duba sashen da kake, domin yawon buɗe ido da gine-gine da wasu sassan suna da nasu ma'aunin daban.

TAMBAYA: Cinikinmu ya haura rand miliyan 70, wani babban abokin ciniki kuma ya ce sai mun kai mataki na 4. Me mashawarci zai yi mana da akantanmu ba zai iya ba? Daga wata mai karatu a Durban.

AMSA: Hajiya, da kin wuce miliyan 50 kin shiga sahun manya, ana auna ki a kan abubuwa biyar: mallaka mai maki 25, shugabanci da gudanarwa 19, horar da ma'aikata 20, sayayya da tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa 40 da ɗoriya, sai taimakon al'umma 5. Mataki na 4 yana farawa daga maki 80. Abokin cinikinki ya nace a kansa ne domin duk rand 100 da ya kashe a wurinki, 100 za a lissafa masa a nasa katin maki. Da kina mataki na 1 sai a lissafa masa 135, a mataki na 8 kuwa 10 kacal.

Aikin mashawarci na gaske kafin ƙarshen shekarar kuɗi yake. Zai karɓi jerin albashi, rijistar masu hannun jari da jerin duk waɗanda kika saya wa kaya, ya yi awon gwaji, ya nuna miki inda maki ke zuba. Daga nan a tsara kashe kuɗi: kimanin kashi 6 na jimillar albashi a horarwa, kashi 2 na riba bayan haraji ga masu kawo miki kaya, kashi 1 ga ƙananan kamfanonin baƙar fata, kashi 1 ga al'umma. Abin da aka kashe bayan an rufe littafi bai shiga lissafin shekarar ba. Wanda ya zo miki wata guda bayan rufewa yana alƙawarin ɗaga mataki, tara takardu kawai zai iya.

Inda aka fi faɗuwa wuri uku ne. Na ɗaya, mallaka da horarwa da sayayya kowanne yana da ƙasan da ba a sauka daga kansa, kashi 40 na abin da aka gindaya. Kasa cika ɗaya kawai zai sauke ki mataki guda, ko da jimillar makinki ta kai. Na biyu, a yi horarwa mai tsada amma ba a miƙa tsarin horarwa da rahoton shekara ga SETA, hukumar kula da horar da ma'aikata ta sashenku, ba, wanda wa'adinsa 30 ga Afrilu ne, sai makin ya tafi a banza. Na uku, satifiket ɗin B-BBEE na masu kawo kaya da wa'adinsa ya ƙare. Ƙaramin abu ne, amma shi ya fi cin mutane, domin ba wanda ke tunawa da shi sai mai tantancewa ya zauna a ofis yana buɗe fayil.

Ki riƙe wannan: mashawarci ba ya ba da satifiket. Kamfanin tantancewa da SANAS, hukumar ƙasa mai ba masu tantancewa izini, ta amince da shi ne ke bayarwa, kuma bai halatta wanda ya ba ki shawara ya koma ya tantance ki ba.

TAMBAYA: Baƙar fata ne ni, amma a 2009 na zama ɗan ƙasa. Mashawarci ya ce ba na cikin lissafi, wai in rubuta wa direbana kashi 51 na hannun jari a takarda. Haka ne?

AMSA: Malam, rabin farko gaskiya ya faɗa maka. Dokar tana nufin 'yan Afirka, Indiyawa da masu ruwa biyu waɗanda 'yan ƙasa ne ta haihuwa ko asali, ko suka zama 'yan ƙasa kafin 27 ga Afrilun 1994, ko waɗanda suka cancanci zama tun kafin ranar. Launin fata kaɗai bai isa ba.

Rabi na biyu kuwa ramin mugunta ne. Mallakar jeka-na-yi-ka laifi ce: ɗauri har shekara 10, tarar da ta kai kashi 10 na cinikin kamfani a shekara, da haramcin kwangilar gwamnati na shekara 10. Hukumar B-BBEE za ta tambayi direban ko ya taɓa jefa ƙuri'a a taron masu hannun jari, ko ya taɓa karɓar rabon riba. Idan kana son makin mallaka, sayar da hannun jari na gaske, ko ka kafa asusun amana na ma'aikata wanda ribarsa ke isa aljihunsu. Wannan mashawarcin kuma ka sallame shi.