Kafin ka sa sifana a giyar Marsandin nan

Jiya bayan la'asar ka tare ni a bakin rami kan Marsandin nan 230E da magada suka jawo mana daga Ƙofar Sauri, wadda ta shekara shida a ƙarƙashin rumfa tun rasuwar mai ita. Ka ce: "Oga, tunda tana farin hayaƙi, giyar tana sulɓewa idan ta ɗau zafi, man giyar kuma ya yi fari-fari kamar an zuba mashi nono, me zai hana mu sauke inji da giya mu yi masu obahol gaba ɗaya, ko mu ɗora na Beljiyam mu huta?" Ban tanka maka ba a lokacin, don maganar man nan ta fama mini wani tsohon miki. Yanzu ka buɗe kunne.

Wannan "mu huta" ɗin ita ce cutarku, ku yaran yanzu. Kun tashi kun tarar ana soka wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta, ku cire ku jefar ku ɗaura wani, ku koma kan waya. Wannan motar ba ta da inda za ka soka irin wannan kwamfutar. Samfurin W123 ce, da aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1986, ita 230E ɗin a 1980 ta fito da injin M102 mai silinda huɗu. Giya huɗu gare ta, ƙarfin mai ne ke sarrafa su, sai iskar da inji ke zuƙa, sai wata waya da ta taho daga totur. Ta Beljiyam ɗin da kake ɗoki sa'arta ce a shekaru, an ciro ta daga motar da ba ka san ciwon da ya kashe ta ba.

Bari in gaya maka abin da farin mai ya yi mini. Bayan an ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, manyan ma'aikata suka yi ta dawowa gida daga Kaduna da Marsandinsu da Fijo 504, aiki ya buɗe. Ban daɗe da kafa garejin kaina a wajen Ƙofar Ƙaura ba, kuma a lokacin masu iya buɗe giya otomatik a garin nan ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Sai wani ɗan kwangila daga Daura ya kawo mini irin wannan motar sak, fara ƙal. Ina zaro sandar awon mai na ga abin da ka gani jiya. Na ce, "Alhaji, ruwa ya shiga giyar nan, kuma daga lagireto yake. Sai an canza shi kafin a taɓa komai." Ya dafa kafaɗata ya ce ai ya riga ni, makon da ya wuce ya sa sabo a Kano, ruwan da nake gani na tsohon ne. Har rantsuwa ya yi. Na leƙa, lagireto baƙi wuluk yana ƙyalli. Mutum ya haife ni, ga furfura, ga carbi a hannu. Na ji kunyar in gwada abin da dattijo ya rantse a kai.

Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya ba ni. Na hau mota na tafi Ƙofar Ruwa a Kano, na sayo faifan kulochi da ɗamarun birkin cikin giya da robobi da matata, na cika da kuɗin aljihuna. Kwana tara ina kan giyar nan, ko yaro ban bari ya taɓa ta ba. Da na ɗora, na hau hanyar Daura har Mashi na dawo, ba ka jin shigar giya sai dai ka ga allurar gejin gudun inji ta sauka. Ya zo ya yi ta sa albarka, ya ce ciko sai bayan Sallah idan kuɗin kwangila sun fito.

Mako uku aka yi. Ina zaune sai ga motar an ɗaure ta da igiya a bayan akori-kura, tun daga Daura, ko farfela ba su kwance ba. Mai ya koma fari. Na sauke lagireto na kankare fentin, sai ga tsohon nan ne, an liƙe shi da dalma an fesa mashi baƙin fenti. Ƙyashin kuɗin sabo ya sa ya yi mini rantsuwar ƙarya. Duk da haka shi ya riga ni kai ƙara, wai na karɓi kuɗin sababbin kaya na sa mashi tsofaffi. Na wuni a bayan kanta. Da dattawan sana'a suka shiga maganar, suka tambaye ni takarda, babu, shaida, babu. Aka yanke in sake aikin daga aljihuna. Na sayar da Vespa ɗina da shanu biyu da nake kiwo a ƙauye. Cikon farko kuwa har yau ban ga kwabo ba. Ya daɗe da komawa ga Allah, kuma ni ban yafe ba, sai mun tsaya. Kuɗin ma da sauƙi. Shekara biyu masu Marsandi suna wuce garejina suna nuna shi da baki, ana cewa ga wanda ya kashe giyar Alhaji. Gwajin da zai cece ni bai fi minti goma sha biyar ba.

To ga gwajin. A gindin lagireto akwai wani bututu da man giya ke bi don ya huce, ruwa na kewaye da shi. Idan tsatsa ta huda shi, lokacin da inji ke aiki mai ya fi ƙarfi, shi ke tsallakawa cikin ruwa. Da ka kashe mota ƙarfin mai ya faɗi, ruwan kuwa yana nan da zafinsa da matsinsa, sai ya kutsa cikin bututun ya gangara giya. Faifan kulochin nan fuskarsu kamar takarda ce aka manna a ƙarfe, ruwa na jiƙa ta sai ta saɓule. Sulɓewar da kake ji ke nan. Ka kwance fayif biyun da suka shiga gindin lagireto, ka toshe ɗaya, ka cika ruwa ka bar murfi a buɗe, ka hura iska kaɗan ta ɗayan. In ka ga kumfa na tasowa, magana ta ƙare. Ba a liƙe shi, ko uban wa ya ce a liƙe. Ruwan rijiya da ake ɗura wa motoci a garin nan shi ke cinye su, ga kuma masu cire tamostat su jefar wai ƙasarmu da zafi.

Hayaƙin kuma, wa ya gaya maka ringi ne? A gefen giya akwai wani ɗan gwangwani, modileta, da siririn tiyo da ya tafi wurin da inji ke shaƙar iska. Akwai fatar roba a cikinsa. Idan ta tsufa ta yage, inji sai ya riƙa zuƙo man giya ta tiyon yana ƙonawa, farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe salansa, man giya na raguwa ba ka ga ɗigo a ƙasa ba. Na ga garejin da aka sauke inji lafiyayye aka canza fistin da ringi saboda wannan 'yar robar. Zare tiyon ka duba, in da jan mai a ciki ka kama ɓarawo. Hayaƙin baƙin mai shuɗi-shuɗi ne, na gaskit kuwa tururi ne da ke bajewa nan da nan, ruwa kuma na raguwa. Ka sa geji ka auna matsin silinda huɗun nan kafin ka kwance noti ɗaya a kan inji. In tiyon ya tsage yana shan iska, giya za ta riƙa shiga da duka kamar an harbe ka. In tana saurin canzawa ko tana jinkiri, wayar totur ce ke son saiti.

Tunda ruwa ya riga ya shiga, buɗe giyar ba makawa, amma sai mun san ta inda ya shigo. Yadda ake sauke ta ba zan ɓata bakina ba, wanda ya shekara uku a gareji bai iya wannan ba ya koma talla. Abin da nake so ka riƙe shi ne tulun nan da ke tsakanin inji da giya, kwanbata. Mai da yawa a cikinsa yake kwana, kuma Marsandi ta yi mashi nashi noti na tsiyayewa, sai ka juya inji a hankali ya bayyana ta tagar ƙasa. Wanda ya zubar da na kwano kaɗai ya bar ruwa a tulu da fayif, sabon aikinsa zai sha. Wajen mayarwa, ka juya shi kana turawa har ya zauna daram a kan famfon mai. In giya ba ta haɗe da inji da hannu ba, kada ka ja ta da noti, famfon za ka fasa.

Ƙwaƙwalwar giya, farantin nan mai hanyoyi kamar gidan tururuwa, cike take da ƙananan ƙwallaye da sifirin, kowane da raminsa. A ɗaki ake buɗe ta, ƙofa a rufe, ba a fili cikin ƙurar hunturu ba, kuma ba a goge ta da tsumma mai zare. Sababbin faifai sai sun jiƙu da mai kafin a jera su. Man kuwa jan nan ne, Dexron II, kada in ga baƙin mai ko na giyar hannu kusa da ita. Ana auna shi mota na aiki, ta yi zafi, giya tana kan P, wato fakin, a wuri mai daidai. Tsakanin layin ƙasa da na sama bai kai rabin lita ba, in ka zarce sai ya yi kumfa.

Injin kuma, raina ya ɓaci da kuka tayar da shi ba na nan. Motar da ta shekara shida a kwance, ana cire fulogi a ɗiga mai a silinda, a sa soket 27 a juya inji da hannu, ta inda agogo ke juyawa kawai. Sarƙar taimin ɗin waɗannan na farko layi ɗaya ce, ba ta son wasa. Kun kuma tura ruɓaɓɓen fetur cikin injekta. Irin injektar nan ce ta kamfanin Bosch da ake kira K-Jetronic, datti kaɗan ke maƙale ta, kuma na san abin da za ka ce: a cire a sa kafireto. A garejina ba a yi. Tanki za a sauke a wanke, a canza matatar fetur, a wanke kan injekta, motar ta koma yadda mai ita ya bar ta, don abin da 'ya'yansa suka zo nema ke nan.

Gobe in Allah Ya kai mu, kafin in iso ka gwada lagireton, ka zaro tiyon modileta ka ajiye mini a kan benci yadda yake, kada ka goge. Sannan ka kira babban cikin magadan ka ce ya zo da mutum ɗaya, za mu rubuta duk abin da za a canza da kuɗinsa, kowa ya sa hannu.