Hukuncin haɗuwa a karanta littafin "alamomi" da neman ishara kafin yanke shawara

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Daga Agege nake, a Legas. Mu mata ne kusan talatin, muna zaman karatu duk Asabar bayan La'asar, babi ɗaya a mako. Wannan karon wata ƙawarmu ta kawo littafin Turanci da ke cewa babu abin da ke faruwa bisa arashi: idan ka tuna mutum sai ga kiransa, ko kana yawan ganin 11:11 a agogo, to saƙo ne "sararin duniya" ke aiko maka. Ƙarshen kowane babi akwai aiki, a rubuta alamomin da aka gani, a kuma roƙi alama kafin a yanke shawara. Har ɗayarmu ta fasa kama shago a kasuwar Mile 12 don ta roƙi alama, sai danfo, wato motar haya, da ta shiga ta lalace a Ketu. Wasu sun ce shirka muke yi, wasu sun ce ai Alƙur'ani ma ya ce a lura da ayoyin Allah. Mu ci gaba ko mu bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, littafin naku ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin nan ne ya ja hankalinku. Musulmi ya yi imani cewa ganye ɗaya ba ya faɗuwa sai Allah ya san shi, kamar yadda ya zo a Suratul An'am, aya ta 59. Kiran da ya shigo daidai lokacin da kika tuna mai shi, da motar da ta tsaya a Ketu, duk ƙaddara ce. Amma cewa abu ƙaddara ne daban, cewa kuma wasiƙa ce da aka rubuto miki kan abin da gobe za ta haifar daban. Na biyun da'awar sanin gaibu ce, Allah kuwa ya ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi (Suratun Naml, 65).

Ban san wani arashi da ya kai wannan girma ba: a shekara ta 10 bayan hijira, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, rana ta yi husufi. Mutane suka ce don rasuwarsa ne. Duk mai rubuta irin littafinku da zai so ya samu labari kamar wannan. Amma Annabi, yana cikin baƙin cikin rashin ɗa, ya miƙe ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, idan kun ga haka ku roƙi Allah ku yi salla. Buhari da Muslim suka ruwaito. Ki lura, ya kira su ayoyi, a lokaci guda kuma ya hana a ɗaura musu fassarar da ta shafi wani mutum. Wannan ita ce amsar masu kafa hujja da ayoyin Alƙur'ani. Ayoyin da aka ce a yi tunani a kansu, irin sassaɓawar dare da rana a Ali Imrana 190, suna nuna maka wane ne Ubangijinka. Ba a saukar da su don su gaya maka wane shago za ka kama ba.

Tushen ra'ayin littafin naku a wajen Turawa shi ne likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Carl Jung, wanda a 1952 ya fitar da rubutu kan abubuwan da ke haɗuwa ta fuskar ma'ana ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Ko a cikin masana kimiyya ba a karɓe shi a matsayin tabbataccen ilimi ba. Marubutan baya ne suka mayar da shi hanyar yanke shawara, suka cire sunan Allah suka sa "sararin duniya". Mu kuwa mun san abin tun kafin ya sa kwat. Larabawan jahiliyya tsuntsu suke kora, in ya yi dama su tafi, in ya yi hagu su koma gida. A ƙasar Hausa akwai ƙaiƙayin tafin hannu, da rawar ido, da kukan mujiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa, da taurari, da kukan tsuntsaye. Lambar agogo ta maye gurbin tsuntsu ne kawai.

Akwai kuma lissafi, wanda ya kamata masu karatu irinku su sani. Idan mutum 23 suka taru, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗara rabi; ku da kuke talatin ta kai kusan kashi 70 cikin 100. Mace in ta ɗinka sabuwar atamfa sai ta riƙa ganin irinta a kowane biki, alhali dā ma tana nan, idonta ne bai kula ba. To ina ga mata talatin da aka ce su fita cikin garin miliyoyin mutane su nemo alama? Dole kowa ta dawo da labari ranar Asabar, kuma babu mai rubuta yawan lokutan da ta duba agogo ta ga 3:47. Lalacewar danfo a titin Ikorodu, inda Ketu take, kuwa, in saƙo ne, to rabin Legas na karɓarsa kullum.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne shagon. Annabi (SAW) ya ce camfi shirka ne, Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Ibn Mas'ud. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa wanda camfi ya mayar da shi daga buƙatarsa ya yi shirka. A Sahihu Muslim, da Mu'awiya ɗan Hakam ya ce a cikinmu akwai masu camfi, sai Annabi ya ce wani abu ne da suke ji a ƙirazansu, kada ya hana su. Wato faɗuwar gaban da mutum ke ji ba a kama shi da ita. Abin kamawa shi ne ya bi ta. Malamai sun rarrabe: wanda ya ƙudurce cewa "sararin duniya" da kansa yana ji, yana amsawa, yana shiryarwa, wannan babbar shirka ce, domin roƙon wanin Allah ne. Wanda kuma ya yarda Allah ne mai komai amma ya riƙi abin da Allah bai sanya shi dalili ba a matsayin dalili, wannan ƙaramar shirka ce, haramun. Ina kyautata zaton ƙawarku a na biyun ta faɗa bisa rashin sani, don haka kada wata ta kafirta ta. Ta yi istigfari, ta faɗi abin da aka koyar: "Allahumma la khaira illa khairuka, wa la ɗaira illa ɗairuka, wa la ilaha gairuka." Sannan in shagon na nan, ta koma ta duba shi da idon 'yar kasuwa: kuɗin haya, la'adar dillali, shigar masu saye, nisan hanya daga Agege. Ta yi shawara da waɗanda suka daɗe a kasuwar, ta yi raka'a biyu na istihara da addu'ar da Jabir ya ruwaito a Buhari, ta zartar. Babu sharaɗin sai ta yi mafarki, kuma istihara ba zaman jiran alama ba ce.

Za ku ce ai Annabi yana son kyakkyawan fata. Haka ne. A hadisin Anas ya fassara shi da kyakkyawar kalma, kuma a Hudaibiyya, shekara ta 6, da Suhailu ɗan Amru, wanda sunansa ya fito daga kalmar sauƙi a Larabci, ya iso sai Annabi ya ce an sauƙaƙa muku al'amarinku. Sai dai bai fita neman kalmar ba, ita ta zo, kuma ba a kanta ya gina sulhun ba. Idan kina kan hanyar alheri kika ji kalma mai daɗi zuciyarki ta yi sanyi, babu laifi. Amma farautar alama, ko da ta buɗe Mus'hafi ce a ga ayar da ido ya fara faɗawa, manyan Malikawa irin su Ɗurɗushi da Ƙarafi sun haramta, suka haɗa ta da kibiyoyin ƙuri'a da Suratul Ma'ida ta hana. In haka ne hukuncin Mus'hafi, lambar mota ba ta da wani gata. Kuma daga fassara lamba zuwa rumfar cacar lamba tazarar ba ta da yawa, kun fi ni ganin rumfunan a unguwa.

Hukuncin dai shi ne: ayyukan da ke ƙarshen babi, na roƙon alama da rubuta ta don a yi aiki da ita, haramun ne, ku daina daga yau. Karanta littafin don a san abin da ya ƙunsa a warware shi ya halatta ga wadda ta san aƙidarta, musamman in kun gayyato malamar Islamiyya ta zauna da ku. Amma zaman da ya riga ya sa ɗayarku ta fasa neman halalinta ya nuna cewa ba karatun warwarewa kuke yi ba, don haka shawarata ku ajiye shi. Zaman karatun kansa kada ku rushe shi, alheri ne. Ku ɗauko wani littafin. Wallahu a'alam.