Ina son kafa kamfanin talla a manhajojin waya, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na iya sarrafa tallan Facebook da Google, yanzu ina so in buɗe kamfanina na talla a manhajojin waya. Ta ina riba ke fitowa, kuma me ke durƙusar da masu farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sana'ar nan dillanci ce. Mai kaya yana neman masu kallo, mai manhaja yana da su, kai kana tsakiya. A ce mai kaya ya biya dala 2 a kan nunawa dubu, abin da ake kira CPM, ka ba mai manhaja dala 1.40. Santi 60 ɗin da ya rage shi ne naka, kuma a cikinsa za ka biya albashi da kuɗin sabar, wato kwamfutocin da ke aika tallan. Sai nunawa ta kai miliyoyi a wata kafin ka ji ɗumin kuɗin.

Omar Hamoui ya kafa AdMob, kamfanin talla a manhajojin waya, a 2006, a 2009 Google ta sanar da sayensa a dala miliyan 750. InMobi, wani kamfanin irinsa, ya faro a Indiya a 2007 da sunan mKhoj. Amma a lokacin fili a buɗe yake. Yau ana gwanjon gurbin talla ne cikin ƙiftawar ido, kuma manya irin su Google, Meta da AppLovin sun mamaye kasuwar. Shawarata, kada ka fara da gina na'urar gwanjo. Ka zaɓi fanni ɗaya, misali manhajojin wasanni, ka riƙa saya wa masu kaya biyu ko uku talla kana karɓar la'ada, har ka san abin da ke ja.

Babban abin da ke kashe sabon kamfani shi ne tazarar biya. Mai kaya zai iya ɗaukar kwana 60 ko 90 bai biya ba, mai manhaja kuwa kwana 30 yake jira. Kamfani na cin riba a takarda, asusu babu ko sisi. Ka nemi rabin kuɗi tun farko daga sabon abokin ciniki.

Sai maguɗi. Akwai masu jera ɗaruruwan wayoyi suna danna talla, akwai manhajojin da ke ƙirƙirar dannawar bogi. Idan ka ga an sauke manhaja daƙiƙa biyu bayan dannawa, ko kashegari babu wanda ya sake buɗe ta, ka dakatar da kafar da dannawar ta fito. Yi amfani da ma'auni mai zaman kansa kamar AppsFlyer ko Adjust, ka kuma rubuta a yarjejeniya cewa ba ka biyan na bogi.

Tun Afrilun 2021 kuma, Apple ta wajabta wa manhajoji neman izinin mai iPhone kafin bin diddiginsa, don haka kada ka yi wa mai kaya alkawarin sanin kowane mai saye daga ina ya fito.