Fatawa: In riƙe 'ya'yana a Dukku har Sallah ta watse, ko in mayar da su makaranta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Bolari cikin garin Gombe, amma asalina mutumin Dukku ne, kuma mahaifiyata tana can da ranta. Tun muna yara al'adar gidanmu duk Babbar Sallah kowa ya kwaso iyalinsa a taru a gida, ba a watsewa sai an yi mako guda, wani lokaci kwana goma. Yanzu ina da yara uku a firamare, babbar 'yata kuma tana aji shida a makarantar kwana, tana tsakiyar jarrabawar WAEC. Makarantar ƙananan hutun kwana biyu kawai ta bayar. Hajiya ta ce wace irin boko ce za ta hana jikokinta cin naman layya a gabanta. Wani abokina ya ce in buga wa malaminsu waya in ce ba su da lafiya. Shin ina da zunubi idan na mayar da su aji cikin kwanakin Sallah? Ita kuma babbar da ba za ta zo gida ba, yaya Idinta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya shirya maka zuri'a.

Ɗan'uwa, ba ka da zunubi idan ka mayar da su aji bayan ranar Idi. Amma kafin in kawo dalili, bari in tsaya a kan ranar Idin kanta, domin ita haƙƙin yaro ce da ba a taɓawa. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya zo Madina ya tarar suna da kwana biyu na wasa, ya gaya musu Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, ranar layya da ranar buɗa-baki. A cikin Bukhari da Muslim, da Sayyidina Abubakar ya tsawatar wa 'yan mata biyu masu waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Annabi ya ce ya ƙyale su, kowace al'umma tana da Idinta, wannan kuma namu ne. Saboda haka sabon kaya da zuwa filin Idi da barka da Sallah da yaro ke tarawa a aljihu duk suna da gurbi a addini. Yaron da aka tashe shi bai san daɗin Sallah ba, an tauye masa wani abu da littafi ba zai mayar masa ba.

Inda mutane suke haɗa abu biyu shi ne kwanakin da ke biyo baya. Ranakun 11 da 12 da 13 ga Zulhijja su ne Ayyamut Tashriƙ, kuma Muslim ya ruwaito cewa kwanaki ne na ci da sha da ambaton Allah. Abin da aka hana a cikinsu azumi ne. Babu nassin da ya hana aiki ko kasuwa ko karatu. Ko alhazai da ke tsakiyar aikin Hajji, Allah Ya ce musu a Suratul Baƙara aya ta 198 babu laifi su nemi falala daga Ubangijinsu, wato ciniki. Ranar Juma'a ma aya ta 10 a Suratul Jumu'a cewa ta yi idan an gama salla a watsu cikin ƙasa. Ibadar da ta rage a waɗannan kwanaki ita ce kabarbari bayan sallolin farilla, wadda a mazhabarmu ta Malikiyya ake yi bayan salloli 15, daga Azahar ɗin ranar layya zuwa Asubar rana ta huɗu. Yaro zai yi wannan a masallacin makaranta kamar yadda zai yi a Dukku.

Wannan tambaya taka ba sabuwa ba ce. Muhammad ɗan Sahnun, malamin birnin Ƙairawan na Tunisiya da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya kawo ta a littafinsa Adabul Mu'allimin. Aka tambayi mahaifinsa Imam Sahnun, mai Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, kwana nawa malami zai ba yara hutu a Idi. Ya ce a Ƙaramar Sallah kwana ɗaya, babu laifi ya kai uku; a Babbar Sallah kwana uku, babu laifi ya kai biyar. Ka duba, makarantar Alƙur'ani ake magana, a hannun mutanen da suka fi mu sanin darajar Idi. Sun ba biki haƙƙinsa, sannan suka yi masa iyaka. Kwana goma da kuke yi al'adar gida ce, kyakkyawa kuwa domin zumunci ce, amma ba za a kira ta hukuncin Shari'a ba.

A ɗaya gefen kuma akwai alkawari. Ranar da ka kai yaran nan aka rubuta sunansu, ka yarda da kwanakin zuwa da na hutu. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida, "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura," kuma hadisi ya zo cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, in dai sharaɗin bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Komawa aji a rana ta uku bai haramta komai ba.

Na daɗe ina koyarwa, kuma abin da ke ƙona mini rai duk shekara shi ne mako biyun da ke bin Sallah. Aji rabi ne. Malami ya rasa ko ya ci gaba ya bar waɗanda ba su zo ba, ko ya tsaya ya zalunci waɗanda suka zo. Yaron firamare da aka fara rabawa a lissafi ba ya nan, ya dawo ya tarar an wuce, kunya ta hana shi tambaya, haka zai ja wannan ramin har sakandare. Yankinmu na Arewa maso Gabas ya riga ya cika da yaran da ba su taɓa shiga aji ba. Waɗanda Allah Ya sa suka shiga bai kamata mu riƙa yanke musu kwanaki da hannunmu ba. Hausawa da kansu suka ce Sallah bikin ɗaya rana.

Shawarar abokinka kuwa haramun ce, kada ka kusance ta. Ƙarya ce, kuma a gaban yaran za ka yi ta, su koyi cewa haka ake fita daga alkawari. Ka je wurin shugaban makarantar da kanka kafin Sallah, ka gaya masa gaskiya, ka nemi izinin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa kalanda ma tana taimakawa: idan Idi ya faɗo Laraba, hutun gwamnati ya ci Laraba da Alhamis, ka roƙi Juma'a, ga Asabar da Lahadi, ka samu kwana biyar ɗin da Sahnun ya ambata. Idan ya ba ka, ka karɓi aikin da za a yi ka sa su yi. Idan ya hana, Dukku ba nisa, ka dawo da su.

Hajiya tana da haƙƙi babba, kuma abin da take so ba ɓarna ba ne, jikokinta take son gani. Kada ka tsaya jayayya da ita a kan boko. Ka zauna a gabanta ka rarrashe ta, ka yanka layyarka a gidanta su ci a gabanta ranar farko da ta biyu, ka yi mata alkawarin kawo su su yi mata makonni a dogon hutu, kuma ka cika. Kai kanka kana iya komawa ka ƙarasa kwanakin da 'yan'uwanka.

Sai batun babbar 'yarka. Sallar Idi a wurin Malikiyya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda Juma'a ta wajaba a kansa, ga mata da yara kuma mustahabbi ce. Hanafiyya sun ce wajibi ce, Hanbaliyya sun ce farilla ce ta kifaya, wato idan wasu sun yi ta faɗi a kan sauran, kuma hadisin Ummu Aɗiyya a Bukhari da Muslim ya nuna an umarci mata su fito. Don haka idan makarantar ta shirya Idi ko ta kai su fili mafi kusa, ta je. Idan bai samu ba, ta yi raka'a biyu ita kaɗai ko da ƙawayenta, kabbara bakwai a ta farko har da ta harama, shida a ta biyu har da ta miƙewa, daga hantsi zuwa kafin rana ta karkata. Kada ka ɗauko ta daga tsakiyar jarrabawa. Takardar da ta wuce ta ba a maimaita mata, sai ta sake zama wata jarrabawar da sabon kuɗi, alhali ziyarar kaka ana iya jinkirta ta. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, shi ya sa a 'yan shekarun nan Babbar Sallah ke faɗowa cikin Mayu da Yuni, daidai lokacin WAEC da NECO, kuma kowace shekara za ta riƙa zuwa da wuri har ta fita daga lokacin jarrabawar.

Masu makarantu su ma ina da magana da su. Sanya gwaji washegarin Idi don a tilasta dawowa ƙuntatawa ce marar dalili, kuma kwana biyu a Babbar Sallah ya yi kaɗan a garin da yanka kansa kwana uku ake yi. Kalanda mutane ne ke tsara ta. A 2025 maƙwabtanmu na Bauchi sun daidaita hutun zango na biyu da watan azumi, duk da muhawarar da hakan ta jawo. Hanyar gyara ita ce iyaye su kai maganar taron iyaye da malamai tun farkon shekara, a nemi ƙarin kwana ɗaya a rama shi wani lokaci. Malamin da shi ma ke ɓacewa mako guda ba izini yana karɓar cikakken albashi, ya sani kuɗin kwanakin nan bai halatta gare shi ba.

Ita kuma 'yar taka, ka sa a soya mata kasonta na nama, a haɗa da dambu, ka kai mata da kanka ranar ziyara, ka ba ta waya ta gaida Hajiya.

Allah ne Mafi sani.